Yayin dijikam: kuɗin filasha kuke biya, ba na ingancin hoto ba

1/ Zare 🧵 Yau zan taɓo masu yayin ƙaramar kyamarar aljihu, wadda ake ce wa dijikam. Wanda zai ji haushi ya tanadi ruwan sanyi. Maganata ɗaya ce: tsohuwar kyamarar 2008 da ake sayar muku da tsadar bala'i ba ta fi matsakaiciyar wayar yau ɗaukar hoto ba. Masu sayarwa sun san haka sarai.

2/ Duk inda ka leƙa yanzu, dina, kamu, ranar sayin-awut, sai ka ga an zaro Canon IXUS ko Sony Cyber-shot ko Nikon Coolpix ana ƙyas-ƙyas. Kayan da yayyenmu suka watsar a durowa tun muna firamare. Yayin bai dame ni ba. Ƙaryar da aka ɗora masa ce ta dame ni.

3/ Mu fara da dalilin da ya sa aka watsar da su. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori kusan miliyan 121, a ƙididdigar ƙungiyarsu ta CIPA. A 2023 ba su kai miliyan 8 ba. Casio ma ta daina ƙera ƙananan kyamarori a 2018. Waya ce ta kashe kasuwar, kuma ba da asiri ta kashe ta ba.

4/ To kaya an kusa daina ƙera su, sai TikTok da Instagram suka tado yayinsu. Masu nema sun yi yawa, kaya kaɗan. Shi ke nan farashi ya yi sama. Kyamarar nan ba ta ƙara komai ba a shekarun da ta yi a durowa, sai ƙura da tsufa.

5/ Yanzu mu shiga cikinta. A bayan gilashin kowace kyamara akwai ɗan faranti da haske ke sauka a kansa, shi ake kira sensa. Girmansa ne tushen ingancin hoto. Na yawancin kyamarorin aljihu wajen milimita 6 ne a milimita 4.5. Farcen ƙaramin yatsanka ya fi shi girma.

6/ Na manyan kyamarorin da masu hoton biki ke rataye wa a wuya yakan kai milimita 36 a 24, wato ya ninka shi wajen sau 30. Manyan wayoyin yau ma nasu ya fi na dijikam girma. Don haka in an ce maka "ai wannan kyamara ce ta gaske", ka tambaya: sensanta fa?

7/ Ko ƙaramar waya mai ɗan sensa tana da wani abu. Gilashinta yakan buɗe zuwa f/1.8, na dijikam da yawa f/3.5 ne. Bambancin hasken da ke shiga ya kusa ninki 4. Shi ya sa da magariba ta yi, dijikam ba filasha sai hoto ya fito da tsaki-tsaki kamar an yayyafa masa gero.

8/ Waya kuma ba hoto ɗaya take ɗauka ba in ka danna. Tana ɗaukar da yawa a ƙiftawar ido, ta haɗa su, ta goge tsakin. Google ta kawo wannan na dare a wayoyin Pixel a 2018, Apple ta biyo baya a iPhone 11 a 2019. Tsohuwar dijikam ɗauka ɗaya take yi, abin da ya samu shi ke nan.

9/ Sai maganar megafiksel, jarin 'yan talla. "Hajiya wannan 16 ce fa!" To sai me? In ka cusa fiksel miliyan 16 a ɗan sensan nan, kowanne ya zama ɗan mitsitsi, hasken da zai samu kaɗan ne. Kamar a zuba ɗalibai 16 a ɗakin hostal na mutum 4 ne, kowa zai shiga amma ba mai sakewa.

10/ Kuma ina za ka kai hoton? Wanda faɗinsa 1080 ne tsayinsa 1350, irin na Instagram, bai kai megafiksel 1.5 ba. Wankin hoto inci 4 a 6 mai kyau ba ya buƙatar fiye da 2 da ɗoriya. WhatsApp kuwa matse shi zai yi. Megafiksel ɗin da kake fariya da su a hanya suke zubewa.

11/ Na san abin da za ku ce: "Amma hotonta daban ne, yana da wani irin kyau." Gaskiya ne, daban ne. Sai dai sirrin ba wani sensan CCD mai tsafi ba ne kamar yadda ake yaɗawa. Sirrin filasha ne.

12/ Filashar waya fitilar LED ce, 'yar tocila. Ta dijikam kwan zenon ce, tana sakin haske mai ƙarfi cikin ɗan lokacin da yakan gaza kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Motsi ya daskare, fuska ta haska, leshi ya yi walƙiya, baya ya yi duhu. Wannan shi ne "kyan" da ake ta yabo. Nokia N8 ma tana da irinta tun 2010.

13/ Mu kuma faɗi wadda ba a son faɗa: filashar nan tana ɗaga hasken fata, ta ɓoye ƙuraje. Wasu abin da suke saya ke nan, ba wani "launin da" ba 😂 Amma ƙarfinta bai wuce mita 3 zuwa 4 ba. Ka tsaya a bayan zaure ka ɗauki amarya, ƙeyar na gabanka kawai za ka samu.

14/ Zan ba ta haƙƙinta a wuri ɗaya: zum. Nata na gilashi ne, yana fitowa ya jawo abu da gaske, sau 3, sau 5, wasu har sau 10. Wayar da ba ta da idon zum na daban yanke hoton kawai take yi ta kumbura shi. Da rana, abu na nesa, dijikam ta ci wannan. Ban da wannan da filasha, me ya rage?

15/ Yanzu wahalar riƙo, wadda mai talla ba ya sakawa a bidiyonsa. Katin memori. Tsofaffin Sony da yawa Memory Stick suke ci. Tsofaffin Olympus da Fujifilm katin xD, wanda bai wuce 2GB ba. Masu cin SD ɗin ma, in sun girmi 2006, yawanci ba sa karanta katin da ya haura 2GB. Je ka nemo shi a kasuwa mu gani.

16/ Batir. Kowane kamfani da nasa, da cajarsa daban. Batirin litiyam mai shekara 15 ya gama yayi, ko ya kumbura ko ya mutu bayan 'yan hotuna. Ba a jona yawancinsu a fawa-bank. Ga halin wutarmu. Sai ana tsakiyar yankan kek ta rufe ido.

17/ Sai ƙura. Gilashin nan mai fitowa da komawa ƙananan haƙoran roba ne ke tura shi. Hazon hunturu ya shiga, ko ɗan yashi daga jaka, sai ya maƙale a rabi. Mai gyaran waya ba aikinsa ba ne, kayan gyaran kuma an daina yi. Ka tashi da abin adon kan tebur.

18/ Ko ta yi aiki, fito da hoton wani aikin ne. Ba Wi-Fi. Sai ka zare kati, ka sa a kad-rida, ka jona a waya. Bidiyon da yawansu 640 a 480 ne. Danna maɓalli ma sai ta ɗan yi tunani kafin ta ɗauka, wanda ake ɗauka ya riga ya kau da kai.

19/ Mafi muni su ne sababbin marasa suna da ake tallatawa da "48MP, 4K, zum 16". Farashin kawai ya isa ya gaya maka. Ɗan ƙaramin hoto take ɗauka ta hura shi kamar balan-balan, zum ɗin na yanka ne, filashar LED. Wato ka rasa ingancin waya, ka rasa filashar da ta kawo ka. Kallon kitse ake wa rogo.

20/ Kada a ce na yi wa kyamarar aljihu kuɗin goro. Akwai na ƙwarai. Sony RX100 da ta fito a 2012 da Canon G7 X suna da sensa mai milimita 13.2 a 8.8, ninki 4 na waɗancan, da gilashi mai buɗewa sosai. Waɗannan hoto suke yi. Amma kuɗinsu na babbar waya ne, kuma ba su ake sayar mana ba.

21/ Masu cewa "ni dai sha'awa ce, ina son abin da ba ya kawo mini saƙo ina tsaka da ɗauka", wallahi ba ni da ja. Kuɗinka ne. Ka kira shi sha'awa mu wuce. Rigimata da mai sayarwa ce da ke rantse wa ɗaliba cewa ta fi wayarta, har ta taɓa kuɗin rajista ko na cefanen wata.

22/ Kuma akwai ranakun da ba sa maimaituwa. Ranar yaye ɗalibai sau ɗaya ce. Hoto da Baba da Umma a bakin zaure sau ɗaya ne. Ka jingina wannan a kan batir mai shekara 15 da katin da ba ka san tarihinsa ba? In za ka yi yayi ka yi, amma wani ya ɗauka da waya a gefe.

23/ In dole sai ka saya: ka kunna ka kashe sau da yawa ka ga gilashin na fita lafiya. Ka ja zum har ƙarshe. Ka ɗauki farin bango ka duba tabo. Ka gwada filasha a duhu. Ka tabbatar katin SD take ci. Masu batirin AA, irin wasu Canon PowerShot jerin A, sun fi sauƙin riƙo a nan.

24/ Kada ka tura kuɗi a kan bidiyon talla. Ka ce a turo maka ainihin hoton da ita wannan kyamarar ta ɗauka, ɗaya da rana, ɗaya da dare ba filasha. In mai kaya ya fara kame-kame, ka samu amsarka.

25/ Masu dijikam, ga fili ga mai doki. Ku ajiye hoton dare ba filasha a ƙasa, mu ma mu ajiye na waya, jama'a su yi alƙalanci. Zagi ba hujja ba ne, hoto nake jira 👇