Ranar da kamfani ya naɗe tabarmarsa, wa ke riƙe da makulli?



A ranar 5 ga Afrilun 2017, Mark Shuttleworth, ɗan asalin Afirka ta Kudu kuma mai kamfanin Canonical, ya sanar da cewa sun daina zuba kuɗi a Ubuntu Touch. Ubuntu Touch wata babbar manhaja ce da ke tuƙa wayar salula, kamar yadda Android ke tuƙa mafi yawan wayoyin da ke aljihunmu. Kamfanin ya fito da ita a 2013 da burin yin gogayya da Google da Apple. A shekarar ma ya nemi jama'a su tara masa dalar Amurka miliyan 32 don ya ƙera wayarsa ta kansa, aka tara sama da miliyan 12, abin ya sha ruwa. A 2015 kamfanin BQ na Sifen da Meizu na Sin suka fitar da wayoyi masu ɗauke da ita, amma kasuwa ba ta karɓa ba. Da mai kuɗi ya ga ba riba, sai ya naɗe tabarmarsa. Waɗanda suka riga suka sayi wayoyin kuwa aka bar su riƙe da kaya a hannu.

A ƙa'ida nan ya kamata labarin ya ƙare. Amma tun 2015 akwai wani matashi ɗan ƙasar Norway, Marius Gripsgård, da ya fara wani ɗan ƙaramin aiki mai suna UBports, yana ɗora manhajar a kan wayoyin da kamfanin bai kula da su ba. Shi da wasu masu rubuta manhaja da ke warwatse a ƙasashe daban-daban suka ce za su ɗauka daga inda aka ajiye. Yawancinsu suna da aikin da suke ci da shi da rana, wannan kuwa sai dare ko ƙarshen mako. Har yau Ubuntu Touch na nan da ranta, ana sabunta ta.

Ina so mu ɗan tsaya a kan abin da suka yi ɗin, don idan aka ce "sun ci gaba da ita" sai mutum ya ɗauka abu ne mai sauƙi. Manhajar waya ba ta tsayawa da ƙafarta ita kaɗai. Tana jingine da wasu manyan kwamfutoci na kamfani, inda take ɗauko sabuntawa, inda ake ajiye ƙananan manhajoji, inda saƙon sanarwa ke bi kafin ya iso wayarka. Kamfani ya tafi, waɗannan duka za a kashe su. Dole suka kafa nasu, kantin manhajojin jama'a mai suna OpenStore ya maye gurbin na kamfanin. Manhajar shiga intanet da aka bar musu ta tsufa, ba mai gyaran injinta, suka sauya ta da wata mai suna Morph a 2018. Shi kansa harsashin da aka gina komai a kai, Ubuntu na 15.04, ya riga ya fita daga kulawa tun kafin su gaje shi. Sai a watan Agustan 2018 suka iya mayar da ginin kan 16.04, kuma kafin su huta shi ma ya tsufa. Ƙaura zuwa 20.04 ba ta isa hannun jama'a ba sai Maris na 2023. Kamar a ce ka sauya harsashin gida alhali iyali na kwance a ciki, ba a yarda rufi ya faɗo wa kowa ba. Aiki ne marar armashi, ba a yanka kyalle a kansa, ba a kiran ƴan jarida.

Me ya sa su suka iya? Saboda asalin rubutun manhajar, wato umarnin da masu ƙira suka rubuta layi-layi kafin a mayar da shi abin da waya ke fahimta, a buɗe yake, kuma lasisinsa ya halatta wa kowa ya ɗauka, ya gyara, ya raba. Ku kwatanta da Windows Phone. Da yawa a cikinmu sun riƙe Lumia. Microsoft ta janye hannunta, WhatsApp ya daina aiki a kanta a ƙarshen 2019, kuma ko da akwai mutum dubu masu gwaninta da niyya, ba su da rubutun, ba su da izini. Haka BlackBerry ta kashe hidimomin tsofaffin wayoyinta a Janairun 2022. Wayar lafiya lau, batir na ɗaukar caji, gilashi bai fashe ba, amma ta zama abin wasan yara.

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Ban ce ku je kasuwa gobe ku nemi mai gyaran waya ya sa muku Ubuntu Touch ba. Ba ta da WhatsApp nata na kanta, sai an bi ta wasu dabaru, kuma a ƙasar da saƙon murya ya zama wasiƙa da rediyo da kasuwa gaba ɗaya, wannan kaɗai ya isa. Wayoyin da take aiki a kansu ƙalilan ne, irin su Fairphone na Holan da Volla na Jamus da wasu tsofaffin Pixel da OnePlus. Tecno da Itel da suka cika shagunanmu daga Yamai har Damagaram, da wuya ka ga ko guda a jerin. Kafin a ɗora wata manhaja a kan waya sai an buɗe kullen da aka yi mata tun daga masana'anta, a kuma samu rubutun da ke magana da kyamara da eriya da sauran kayan ciki, kuma ba kowane kamfani ke sauƙaƙa wannan ba. Masu aikin sa kai na iya raya abin da aka bar musu a buɗe ne kawai.

To me ya kawo wannan zance shafin ƙungiyar farar hula? Abin da ya faru da masu wayar BQ yana faruwa da mu, sai dai namu ba ya shiga jarida. Furoje ya zo da kuɗin masu ba da tallafi, a kawo wani kamfani ya rubuta manhajar rajistar manoma, ko ta ƴan makaranta, ko ta karɓar harajin kasuwa. A raba kwamfutoci, a yi horo na kwana uku a otal, a ɗauki hoto. Bayan shekara uku kuɗi ya ƙare. Kamfanin ya tafi da rubutunsa, kuɗin hayar wurin ajiyar bayanai ba wanda ya sa shi a kasafi, lambar sirrin ma tana hannun wani da aka yi wa canjin wurin aiki. Ma'aikaci ya koma kan rajistarsa ta takarda, sunayen mutane dubbai kuma suna can wani wuri da ba mu da iko da shi. Wanda ya taɓa ganin famfon burtsatse ya mutu a ƙauye don rashin ƙarfe guda, ya san wannan ciwon. A harkar ruwa aƙalla an koyi darasi, ana kafa kwamitin kula da famfo, ana tara ɗan kuɗin gyara, ana horar da makaniki na kusa. A harkar manhaja har yanzu muna zamanin a haƙa a tafi.

Sai dai akwai tarko a labarin UBports, kuma ina tsoron shugabanni su faɗa ciki da murna: su ce ai ga shi nan, matasa za su riƙe kyauta. A'a. Gayya takan nome gona a wuni guda, amma ba gayya ke tsaron ta har girbi ba. A Maris na 2024 duniya ta ga abin da ke faruwa idan aka bar nauyi kan mai sa kai. Akwai wata ƴar ƙaramar manhajar matse bayanai mai suna xz, wadda ke cikin kusan kowace kwamfuta mai amfani da Linux, har da manyan da ke riƙe da intanet. Shekaru da yawa mutum guda ke kula da ita, ba albashi, har ya gaji ya faɗa da bakinsa. Wani da ke kiran kansa Jia Tan ya shigo da fuskar taimako, ya yi kusan shekara biyu yana aiki tsakani da Allah a ido, har aka ba shi amana, sannan ya dasa wata ɓoyayyar ƙofa a ciki. Wani injiniya, Andres Freund, shi ya gano, don kawai ya lura shiga wata kwamfuta ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Da bai bi diddigi ba, Allah kaɗai ya san inda abin zai tsaya.

Su kansu mutanen UBports ba su tsaya a kan zumunci kaɗai ba. A 2019 suka yi rajistar gidauniya a Balin, mai karɓar gudummawa, don a samu abin biyan kuɗin kwamfutocin ajiya da kuma wasu ƴan ƙalilan da za su zauna kan aikin. Sun kuma haɗa kai da wasu masu irin wannan fafutuka a aikin Halium, don kada kowa ya riƙa maimaita wahalar da ɗan uwansa ya riga ya sha.

Matsayata ke nan, kuma ina so ƙungiyoyinmu su ɗauke ta a matsayin buƙata. Duk manhajar da za a saya da kuɗin ƙasa ko da sunan talakan Nijar, a rubuta cikin kwangila cewa asalin rubutun da bayanan da aka tara mallakar ƙasa ne, a miƙa su tun kafin a biya kuɗin ƙarshe. A ware kuɗin kulawa na shekaru, kamar yadda ake ware na man mota. Ba baƙon abu ba ne: ma'aikatar lafiyarmu na tattara alƙaluma da DHIS2, manhaja buɗaɗɗiya da Jami'ar Oslo ke jagoranta, wadda ƙasashe da dama ke amfani da ita suna gyara ta tare. Idan mai tallafi ya tafi, rubutun bai tafi da shi ba, saura a samu masu riƙewa.

Masu riƙewar kuwa muna da su. Jami'ar Abdou Moumouni, da Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da André Salifou ta Damagaram, da Djibo Hamani ta Tawa, duk shekara suna yaye matasa, wasunsu sun koyi rubuta manhaja a aji, wasu sun koya da kansu da rezo mai yankewa da wuta mai ɗaukewa. Da yawa na zaune suna saka wa mutane waƙoƙi a katin waya. A ɗauke su aikin kulawa, a biya su duk wata, kada a ce su yi don kishin ƙasa alhali ɗan kwangilar da ya tafi da makulli an biya shi miliyoyi.

Ga ƴan uwa da ke aiki a ƙananan hukumomi da kwamitocin sa ido: in an zo gabatar muku da sabuwar manhaja, kafin a tafa, ku tambayi inda aka ajiye asalin rubutun, da sunan wanda zai gyara ta bayan furoje ya rufe, da layin kasafin da za a biya shi. Ku nemi a sa amsar cikin takardar zaman taron.