TAURARUWAR WATA: Rahama Sadau, daga Gani Ga Wane zuwa Netflix

Duk mai bibiyar finafinan Hausa ya san cewa yawancin jarumai mata ba su daɗewa a industiri. Yarinya za ta shigo, ta yi tashe shekara uku ko huɗu, daga nan sai aure ko kuma a daina kiran ta aiki. Rahama Sadau na cikin 'yan ƙalilan ɗin da su ka karya wannan al'ada, kuma idan mai karatu ya dubi irin rol ɗin da ta riƙa hawa zai gane dalili.

An haifi Rahama a Kaduna ran 7 ga Disamba, 1993. Ta shigo harkar fim a cikin 2013 ta hannun Ali Nuhu, kuma Gani Ga Wane ne fim ɗin da ya fara fito da sunan ta. Jinin Jikina ya biyo baya. A wancan lokaci rol ɗin ta bai wuce na budurwar da ake so ba: a yi soyayya, a yi kuka, a shiga fili a cashe. To, ta iya rawa kam, ga fara'a, shi ya sa furodusoshi su ka yi mata caa. Amma irin wannan rol ɗin bai da tabbas, domin gobe wata sabuwar fuska za ta zo ta karɓe shi.

Sai ga 2016. A watan Oktoba ƙungiyar MOPPAN ta kore ta daga industiri saboda bidiyon waƙar I Love You da ta fito a ciki tare da mawaƙi ClassiQ na Jos, inda aka ga sun rungumi juna. Mutane da dama sun ce shikenan, tata ta ƙare. Ashe da sauran kallo! A daidai wannan lokaci tashar EbonyLife ta fara nuna shirin Sons of the Caliphate, labarin 'ya'yan manya da rikicin mulki a wata ƙagaggiyar jihar Arewa mai suna Kowa. Rahama ta fito a matsayin Binta Kutigi, da Turanci, tare da Yakubu Mohammed. Nan ne 'yan Kudu su ka fara sanin ta sosai.

Duk da haka ba ta juya wa gida baya ba. A 2017 kamfanin ta na Sadau Pictures ya fitar da Rariya, wanda Yaseen Auwal ya ba da umarni, kan rayuwar 'yanmatan jami'a masu son abin duniya. Wannan mataki ne babba, don kuwa wadda ta sa kuɗin ta a fim ba ta jiran wani ya ba ta rol. A shekarar ce kuma ta fito ta nemi afuwar jama'a kan abin da ya faru.

Shekarar 2018 ta zo mata da rol biyu masu kama da juna. A shirin MTV Shuga Naija ta fito a Yasmin, matar aure 'yar Arewa da ke zaune a Legas, inda labarin ya taɓo batun tazarar haihuwa, batun da ba kowace jaruma ce za ta yarda ta taɓa ba. A fim ɗin Up North na darakta Tope Oshin kuwa, wanda aka ɗauka a Bauchi, ita ce Maryam, wadda ɗan hidimar ƙasa Banky W ya haɗu da ita a makarantar da aka tura shi. A duka biyun ta tsaya ne a matsayin mace mai ilimi, mai faɗin ra'ayin ta.

Daga nan sai Mati A Zazzau a 2020, fim ɗin barkwanci da ta shirya tare da Sadiq Sani Sadiq a matsayin Mati. A 2022 ta leƙa Indiya, ta fito a Khuda Haafiz kashi na biyu na jarumi Vidyut Jammwal. Rol ɗin ƙarami ne, amma ga wadda ta taso da kallon finafinan Indiya har ta iya yaren, ba ƙaramin abu ba ne. A ƙarshen 2023 ta koma wa Binta a shirin War: Wrath and Revenge na Netflix, sai dai wannan karon Binta ta zama matar ɗan siyasa mai maitar mulki, wadda ba ta ƙi kowa ya rasa ba in dai mijin ta zai hau kujera.

Har gobe ra'ayin masu kallo a rabe ya ke a kan ta. Wasu na ganin ta wuce gona da iri, musamman bayan surutun hotunan ta na Nuwamba 2020, wasu kuma na cewa ta buɗe wa na baya ƙofa. Abin da ba a musu a kai shi ne ta yi karatu, ta gama digiri a Jami'ar Eastern Mediterranean da ke Arewacin Saifurus, ta kafa kamfani, kuma ta ƙi yarda a ɗaure ta a rol ɗaya. 'Yanmata masu sha'awar shiga fim, sai ku lura: kyau da rawa na kawo mutum, amma ba su ke zaunar da shi ba.