Raddi Ga Mai Cewa "Should" Da "Must" Duk Ɗaya Ne

Wani malamin Turanci mai shirya ɗalibai jarrabawar WAEC yana ta yaɗa cewa wai "should" da "must" Ɗanjuma ne da Ɗanjummai: duka dole suke nufi, sai dai "should" ta fi ladabi. Hujjojinsa uku ne: duka umarni ne, Turawa ma suna cakuɗa su, kuma ɗalibi ba ya buƙatar wannan ƙaƙale. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, batun umarni. Malam, idan Bature ya leƙa taga ya ce "the rain should stop soon", wa yake umarta? Hadari? Tsammani kawai yake bayyanawa, bisa abin da ya gani a sararin sama. Haka mai jiran mota a tasha da ya ce "the bus should be here by six": bai ɗora wa direba komai ba, lissafi ya yi, kuma ya san lissafin na iya rushewa. F. R. Palmer ya rarrabe wannan tun 1979 a littafinsa Modality and the English Modals, Jennifer Coates ta ƙara tabbatar da shi a 1983 da misalai daga maganar Turawa ta yau da kullum. Abin da aka warware tun ba a haifi ɗalibanka ba shi kake neman dagulawa?

Ko inda "should" ke ɗora nauyi, ba ta kai "must" ba. Gwada da bakinka: "you should come, but you don't have to" magana ce lafiyayya. Sa "must" a gurbinta, ka ji yadda za ta ƙaryata kanta. Wanda ya zauna gaban malamin fikihu ya san tazarar wajibi da mustahabbi. Barin ɗaya laifi ne, barin ɗayan asarar falala ce. Ina ladabi ya shigo nan?

Na biyu, wai Turawa suna cakuɗa su. A hira, wataƙila. Amma a kundin ƙa'idojin tuƙi na Birtaniya, saɓa wa "must" laifi ne a doka, "should" kuwa shawara ce, ko da yake kotu na iya kafa hujja da ita. Injiniyoyin intanet ma sun tsayar da iyakar a 1997 cikin takardar RFC 2119 ta Scott Bradner: "must" sharaɗi ne ba makawa, "should" ana iya kauce mata idan akwai ƙwaƙƙwaran dalili.

Na uku, wai ɗalibi ba ya buƙata. Haba! Gobe shi zai karanta takardar kwangila da umarnin likita.

Ka gyara darasinka, Malam, kafin ajin bana ma ya fita da wannan kuskure.