Arlit, Dannat da Gugaram: Wa zai yi magana da yawunmu?

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Agadez zuwa Arlit ya san abin da ake kira hanyar yuraniyom. Tafiyar kilomita kusan 240 ce, amma shekara da shekaru direbobi suna kauce wa abin da ya rage na kwalta, su ratsa ta cikin rairayi, domin ramukan sun fi ƙarfin taya. A zamanin Janar Seyni Kountché aka shimfiɗa wannan hanya tun daga Tawa, ba don komai ba sai don a fitar da arzikin da ke ƙarƙashin ƙasarmu. Arzikin ya fita, hanyar ta mutu. A yarjejeniyar da gwamnati ta ƙulla da kamfanin Areva a watan Mayu na 2014 an yi alkawarin yuro miliyan 90 don gyaranta. Mu da muke bin hanyar mun san tsawon lokacin da muka yi muna jira, amma ba mu san ƙofar wa za mu ƙwanƙwasa mu tambayi dalili ba. Wannan rashin ƙofa shi ne abin da muke so mu yi magana a kai.

A watan Yuni na 2025 gwamnati ta ba da sanarwar mayar da kamfanin Somair hannun ƙasa, shekara guda bayan ta karɓe lasisin Imuraren daga kamfanin Orano na Faransa. Jama'a da yawa sun yi murna, kuma ba mu ga laifinsu ba, domin an daɗe kura na shan bugu gardi na karɓar kuɗi. To amma akwai tambayar da murna ba za ta amsa ba. Idan ma'adinin ya koma hannun Nijar, a cikin Nijar ɗin hannun wa ya koma? Ra'ayinmu shi ne, muddin ƙananan hukumomin da ake haƙar ƙarfen a cikinsu ba su da zaɓaɓɓun wakilai nasu na kansu, waɗanda suka sani ido da ido, to gardi kawai aka sauya, kura tana nan inda take.

Bari mu fara da taswira, saboda masu karatu na kudu. Jihar Agadez tana da faɗin murabba'in kilomita 667,799, wato fiye da rabin ƙasar Nijar. Tana da gundumomi shida da ƙananan hukumomi 15. Gundumar Arlit a da tana ƙunshe da ƙananan hukumomi biyar: Arlit, Dannat, Gugaram, Iferwan da Timiya. A 2011 aka ɗaga Iferwan ta zama gunduma, ta tafi da Timiya, aka bar uku. Arlit ce kaɗai ta birni, tare da Akokan. Dannat da Gugaram na karkara ne, ƙasar makiyaya masu raƙuma da awaki, inda mutum kan yi tafiyar yini kafin ya kai ga rijiya ko ɗakin shan magani. Ƙidayar 2012 ta nuna jihar gaba ɗaya tana da mutum 487,620, cikin fiye da miliyan 17 na ƙasar. Ba mu kai kashi uku cikin ɗari ba.

Garin Arlit kansa ma'adini ne ya haife shi. An kafa Somair a 1968, ya fara fitar da yuraniyom a 1971. An kafa Cominak a 1974, ya fara aiki a Akokan a 1978. A Cirozerin kuma kamfanin Sonichar yana ƙona gawayin ƙasa don ba ma'adinan wuta. Daga nan mutane suka yi ta kwararowa daga Damagaram, Maraɗi, Tawa, Doso, har da ƙasashen maƙwabta. An taɓa yi wa garin kirari da Faris ta biyu. Yau duk wanda ya zaga unguwannin bayan gari ya ga yara da amalanke suna neman ruwa a jarka zai san kirarin ya tsufa.

To yaya aka riƙa wakiltar wannan yanki a majalisar dokoki ta Yamai? A tsarin da aka bi har zuwa zaɓen 27 ga Disamba 2020, jiha sukutum ita ce mazaɓa. Kowace jam'iyya takan kawo jerin sunaye, talaka ya jefa wa jam'iyya ƙuri'a, a raba kujeru gwargwadon abin da kowacce ta samu. Doka ta tanadi kujeru 171, kuma na jihar Agadez duka ba su kai goma ba. Ma'ana, makiyayin Gugaram da ɗan kasuwar Agadez da mai lambun Tabelot da mai gishirin Tigidda duk mazaɓarsu ɗaya. Wanda ke tsara jerin sunayen kuwa shugabannin jam'iyya ne. Saboda haka ɗan majalisa ya san wanda ya sa shi a sahun gaba, kuma shi yake tsoron ɓata wa. Idan rijiya ta gurɓace a Dannat, kowane ɗan majalisa na iya cewa ba shi kaɗai ba ne wakilin jiha. Ɗan da kowa ke ubansa, a ƙarshe maraya ne.

Abin lura shi ne, dokar zaɓen da kanta ta yarda cewa yawan jama'a kaɗai ba ya isa. Shi ya sa ta ware mazaɓu na musamman guda takwas, kamar Bilma, Tasara, Tesker, Bermo da Bankilare, kowacce da kujera ɗaya, don kada ƙananan al'ummomi su ɓace a cikin taro. Mutumin Bilma ya san ɗan majalisarsa da suna, ya san gidansu. Idan an yi wa Kawar wannan adalci, kuma ya dace a yi mata, me ya hana a yi wa yankin da ya shekara fiye da hamsin yana ɗauke da ɗaya daga cikin manyan albarkatun ƙasar?

Matakin da ya fi kusa da talaka shi ne ƙaramar hukuma, kuma ba kyauta aka same shi ba. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995, wadda ta kawo ƙarshen tawayen farko a arewa, ta yi alkawarin miƙa wa jama'a ragamar harkokin yankunansu. Sai a watan Yuli na 2004 aka yi zaɓen kansiloli a ƙananan hukumomi 265. Daga wannan zaɓe Brigi Rafini ya zama magajin garin Iferwan, mutumin da daga baya ya riƙe muƙamin firaminista daga 2011 zuwa 2021. An sake zaɓen a 2011, sannan a ranar 13 ga Disamba 2020. Ba za mu ce waɗannan majalisu sun yi abin a zo a gani ba. Amma a karon farko makiyayi ya samu wanda zai tare a kasuwa ya ce masa, "Ranka ya daɗe, mu muka zaɓe ka, ina maganar rijiyarmu?"

A 2006 aka gyara dokar ma'adinai, aka ce kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da gwamnati ke karɓa daga harajin ma'adinai za a mayar wa ƙananan hukumomin jihar da aka haƙo su, don ayyukan raya ƙasa. Tsarin mulkin 2010 ma ya tabbatar da cewa a raba kuɗin albarkatun ƙasa tsakanin gwamnati da hukumomin yankuna. A takarda abin ya yi kyau. A aikace kuwa magadan gari da ƙungiyoyin farar hula irin su ROTAB sun sha kokawa cewa kuɗin na makalewa a baitulmali, bashi na taruwa shekara bisa shekara. Kada kuma mu manta, ɗaya daga cikin abubuwan da ƙungiyar MNJ ta fake da su lokacin da ta ɗauki makami a 2007 shi ne rabon kuɗin yuraniyom. Ba mu goyon bayan bindiga, mun ga abin da ta jawo wa Iferwan da kewayenta, inda jama'a suka watse suka bar gidajensu. Amma darasin a fili yake: ƙorafin da bai samu zauren da za a saurare shi ba, yakan nemi wata hanya.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an dakatar da majalisar dokoki. A watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun jihohi da na ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi a madadinsu. A watan Maris na 2025 aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya tanadi wa'adin shekara biyar, aka kuma rushe jam'iyyun siyasa. Ba mu zo nan don zargin wani kantoma ba. A cikinsu akwai masu ƙwazo da riƙon amana. Sai dai kantoma, komai kirkinsa, wanda ya naɗa shi yake yi wa bayani, kuma rana ɗaya takarda za ta zo a ɗauke shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yoyon kuwa yana da yawa. An rufe Cominak ranar 31 ga Maris 2021, bayan ya fitar da tan kusan 75,000 na yuraniyom. Ɗaruruwan ma'aikata da 'yan kwangila suka rasa aiki, aka bar tulin dusar ma'adini mai tururin guba, wajen tan miliyan 20, a gefen Akokan. Wa zai sa ido a kan rufe wannan tuli da lafiyar ruwan ƙarƙashin ƙasa nan da shekara talatin, lokacin da injiniyoyin yau suka yi ritaya? Da ba don ƙungiyar Aghir In'man ta Almoustapha Alhacen ta gayyato masu binciken CRIIRAD a 2003 ba, sannan Greenpeace ta zo a 2009 ta auna titunan Akokan, da duniya ba ta ji labarin ba. Wannan aiki ne da ya kamata a ce zaɓaɓɓiyar majalisa ce ke kan gaba a cikinsa.

Haka kuma Imuraren, ɗaya daga cikin manyan rumbunan yuraniyom na duniya, yana cikin ƙasar Dannat ne. Duk kamfanin da zai haƙa shi gobe, na gida ne ko na Rasha ko na Sin, zai killace makiyaya, zai sha ruwan da dabbobi ke sha. Wa zai zauna a teburin ya ce ga burtalin da ba za a toshe ba, ga yawan 'ya'yan yankin da za a ɗauka aiki? Ga kuma zinariyar da ta ɓulla tun 2014 a Jado da Cibarakaten, wadda ake kawo duwatsunta Gidan Daka kusa da Arlit ana sarrafawa da sinadarai masu haɗari. Duk waɗannan magana ce ta ƙasa da ruwa, kuma masu ƙasa da ruwan ya kamata a tambaya.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce mu 'yan kaɗan ne, kuma adalci shi ne ƙuri'ar kowa ta zo daidai. Gaskiya ne, ba mu nemi a rage wa Maraɗi ko Damagaram kujera ko ɗaya ba. Abin da muke nema shi ne a yanka mazaɓu yadda kowace kujera za ta zama tana da ƙasa da mutanen da za su tuhume ta. Za a ce wannan zai farfaɗo da ƙabilanci. Wanda ya faɗi haka bai san Arlit ba. A layi ɗaya za ka tarar da Buzu da Bahaushe da Bazabarme da Bafulatani da Babarbare, ƙura ɗaya suke shaƙa, famfo ɗaya suke bi. Za a ce zaɓaɓɓun da suka gabata sun ci amana. Wasunsu sun ci, kuma maganinsu kotu da akwatin zaɓe. Ba a rushe ɗaki don ɓera ya shiga.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun ba mu darasi ta fuska biyu. Tsarin mulkinsu na 1999 ya ware aƙalla kashi 13 cikin ɗari na kuɗin albarkatu ga jihohin da aka samo su, amma ƙauyukan Neja Dalta sun daɗe suna kukan kuɗin na tsayawa a gidan gwamna. Har sai da kotun ƙolinsu ta yanke hukunci a watan Yuli na 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne doka ta sani, ba kantomomi ba. Kenan kaso a takarda ba ya isa sai da mai karɓa wanda jama'a za su iya tsigewa.

Saboda haka muna kira ga hukumomi da duk masu ba da shawara kan sabon tsarin ƙasa da su dubi abubuwa huɗu. Na ɗaya, idan za a koma ga zaɓe, a fara da na ƙananan hukumomi, domin shi ne mafi kusa da talaka kuma mafi ƙarancin rigima. Na biyu, a sabuwar dokar zaɓe a mayar da gunduma ta zama mazaɓa, ta yadda Arlit da Dannat da Gugaram za su san ɗan majalisarsu da suna, a kuma tabbatar ƙuri'un birni ba su danne na karkara ba, ta hanyar kai rumfunan zaɓe da katin zaɓe har mashekarin makiyaya. Na uku, kason ƙananan hukumomi ya riƙa shiga asusunsu kai tsaye, a liƙa adadinsa a ƙofar ofishin magajin gari, a karanta shi a gidajen rediyo da Hausa da Tamashek. Na huɗu, yanzu da Somair ya zama na ƙasa, a ba wakilan ƙananan hukumomin yankin kujera a inda ake yanke shawara kan ruwa, lafiya da ɗaukar ma'aikata.

Mu ma 'yan yankin muna da namu laifin. Mun sha sayar da ƙuri'a a kan buhun shinkafa da turmin atamfa, mun sha barin zaman majalisar gari babu mai leƙawa. Idan dama ta dawo, kada mu maimaita. 'Yancin da ake ta faɗa a Yamai ba zai cika ba sai ranar da tsohuwa a Gugaram ta san wanda za ta kai wa kuka, shi kuma ya san idan bai saurare ta ba kujerarsa za ta tafi. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, amin.