Mai Neman Sani Ma Sai Ya Yi Sallama

Ruwan da ya sauka da damina a ƙasar Birnin Gwari ba nan ya ke tsayawa ba. Kogin Mariga ya kwashe shi ya miƙa wa Kogin Kaduna, Kaduna ya miƙa wa Kwara, Kwara kuwa ba ta ajiye shi sai cikin teku. Saboda haka kada mutumin Dogon Dawa ya ce ina ruwansa da zancen teku. Akwai wata doka ta can da mu ke so ma'aikatanmu da malaman makaranta su duba, gama za ta yi mana amfani a nan bakin daji.

A shekarar 1982 ƙasashen duniya suka sa hannu a Montego Bay, cikin ƙasar Jamaika, a kan yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Nijeriya ta tabbatar da ita a 1986, aka fara aiki da ita a 1994. Ta ba kowace ƙasa ta bakin teku ikon arzikin ruwa har nisan mil 200 na teku daga gaɓarta. Duk jirgin masana da ke so ya shigo cikin wannan iyaka don auna zurfi, ko ƙidayar kifi, ko ɗibar laka daga ƙasan ruwa, sai ya nemi yardar masu wurin.

Ga yadda a ke nema. Tun da sauran wata shida a fara aiki za a aiko takarda ta hannun hukuma, ba a ba wani aboki ya sa aljihu ba. A cikinta a faɗi sunan jirgin da girmansa, da irin kayan aikin da ke ciki, da daidai wuraren da za a bi, da ranar shiga da ta fita, da sunan wanda ke shugabantar tafiyar, da hukumar da ta ɗauki nauyinsa. Ƙasar da aka roƙa tana da ikon ta sa masananta cikin jirgin, su ga kome da idonsu, ba tare da ta biya kuɗin tafiyar ba. In an gama, wajibi ne a ba ta rahoto, a kuma ba ta damar samun abin da aka auna da abin da aka ɗebo. Mu ma muna da masanan da za mu sa, gama tun 1975 akwai cibiyar nazarin teku ta Nijeriya a Ikko.

Ana iya hanawa, amma ba don son zuciya ba. In binciken ya shafi neman arzikin da ke wurin, kamar mai ko kifi, ko za a haƙa ƙasan teku, ko za a fasa nakiya, ƙasa na iya cewa a'a. Haka kuma in takardar ta zo da ƙarya, ko masu nema suna da bashin wani alkawari daga tafiyar baya.

Abin da ya fi ƙayatar da mu shi ne, dokar ba baƙo kaɗai ta ɗaure ba, har da mai masauki. In takarda ta iso, aka yi wata huɗu ƙasa ba ta ce uffan ba, ba ta hana ba, ba ta nemi ƙarin bayani ba, to, da cikar wata shida jirgi na iya fara aikinsa. Malaman fiƙihu ba za su yi mamaki ba, sun san wurin da shiru ke zama izini a babin aure. Watau akawun da ya danne takarda a ƙarƙashin tulin fayil bai hana kome ba, ƙasarsa kawai ya sa ta yi asarar kujerarta a cikin jirgin.

To, mu komo gida. Tun 1936 En'e ta keɓe dajin Kamuku a ƙasar Birnin Gwari, a 1999 kuma Gwamnatin Tarayya ta mai da shi gandun daji na ƙasa, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 1,120, yana maƙwabtaka da dajin Kuyambana na Zamfara. Mai son yin bincike a cikin gandun sai ya sami izinin hukumar gandayen daji ta ƙasa, wannan a bayyane ya ke. Amma dajin ƙasar nan ya fi gandun faɗi, kuma yawancin masu bincike ta ƙauyuka su ke bi. Ɗalibin jami'a ya zo daga Zariya ko Kaduna, ko baƙo daga waje, ya zauna da maharba da masu magani, ya tambayi sunan kowane itace da amfanin saiwarsa, ya cika littafinsa, ya ɗebi ganye, ya tafi. Ya sami digiri. Makarantar garin ba ta ga ko shafi guda na abin da aka rubuta a kan dajinta ba. Wannan ba sata ba ce a shari'a, amma ba hali ne na baƙon kirki ba.

Laifin kuwa ba na baƙi kaɗai ba ne. Mai rubuta wannan ya taɓa aika takarda wani ofis yana neman izinin kai ɗaliban kwalejin horon malamai su ga itatuwa da tsuntsaye lokacin kaka. Amsa ta zo bayan an ƙone ciyawa, ɗaliban sun gama jarrabawa sun watse. Wanda aka yi wa haka sau biyu, karo na uku ba zai rubuta takarda ba, zai bi ta bayan gida ne. Bin bayan gida a wannan daji kuwa ba abin wasa ba ne. Kowa ya san shekarun da 'yan bindiga suka mai da shi mafaka, mutanen Dogon Dawa kuma ba su manta da harin da aka kai musu a 2012 ba. Ko da aka yi sulhu a ƙarshen 2024, hankali bai yarda baƙo ya shiga ba tare da hakimi da jami'an tsaro sun san inda ya nufa da ranar da zai fito ba. Takarda mai hatimi ba ta san hanya ba. Da ɗan gari a kan ci gari.

Shawararmu ita ce ƙaramar hukuma da masarauta su zauna su tsara takardar neman izini guda ɗaya, gajeriya, da Hausa da Turanci. Mai nema ya faɗi ko shi wane ne, wa ya aiko shi, ina zai shiga, me zai ɗiba. A yanka wa ofis wa'adin amsa, a rubuta shi a jikin takardar. Ba mu ce shiru ya zama izinin shiga daji ba, gama nan rai ne a ke tsaro, amma in wa'adi ya cika ba amsa, maganar ta wuce gaba, akawun kuma ya yi bayani. A haɗa kowane mai bincike da malamin makaranta guda na yankin, kamar yadda a ke sa ɗan ƙasa cikin jirgi, ya koyi aikin ya kawo wa yara. Sa'an nan mai binciken ya sa hannu cewa zai aiko kwafin rahotonsa, da taƙaitawa da Hausa, a ajiye ɗaya a ofis, ɗaya a makarantar garin da ya sauka. Magatakarda ya buɗe littafi ya riƙa rubuta wanda ya cika da wanda bai cika ba, in wanda bai cika ba ya sake dawowa, a buɗe masa shafinsa ya gani kafin a yi zancen sabon izini.