Gajeren Zango a Zongo: Hayaniyar da ta Cinye Muryar Rediyo

Da magariba ta yi a Zongo, unguwar da ke gefen yammacin Wagadugu, fitilu sukan kama ɗaya bayan ɗaya, kuma a daidai lokacin ne rediyon gajeren zango yakan fara shaƙewa. Muryar da ake ji garau da la'asar sai ta nutse cikin wani ƙugi mai kama da suyar ƙosai. Mai rediyon zai sauya batir, ya ja eriya, ya koma bakin ƙofa, daga ƙarshe ya yanke hukunci cewa akwatin ya tsufa. Sau da yawa akwatin lafiyarsa lau. Mai laifin yana rataye a silin, ko yana maƙale a soket ɗin maƙwabci.

Dalilin yana cikin yadda ake ƙera kayan lantarki na zamani. Cajar waya, da ƙwan fitila na LED, da inbata, da na'urar da ke daidaita cajin batirin sola, duk suna aiki ne ta hanyar yanka wuta da maido ta cikin tsananin sauri. A cikin caja, wannan yankan yakan kai sau dubu goma-goma zuwa dubu ɗari-ɗari a daƙiƙa guda. Dabarar ce ta sa caja ta zama ƙarama mara nauyi, amma kowane yanka yana haifar da igiyoyin rediyo a ninkin mitarsa, ninki bisa ninki, har su hau cikin gajeren zango, wato daga megahaz 3 zuwa 30. Wayar da ta taso daga faifan sola a kan rufi zuwa batir a ɗaki kuwa sai ta zame musu eriya. Saƙon da ya yi tafiyar dubban kilomita, ya daki saman sararin samaniya ya dawo ƙasa, yana isowa ne a raunane ƙwarai; cajar da ke taku biyu daga rediyon ba ta buƙatar wani ƙarfi kafin ta danne shi. A unguwa irin Zongo, inda sashe mai yawa ba a yanka filaye a hukumance ba, gidaje sun matsu da juna, da yawansu kuma da sola da batir suka dogara, hayaniyar gida guda takan ratsa katanga ta shiga gidaje da dama.

Wani zai ce wannan kukan tsofaffi ne, tunda FM ta cika gari tun da Moustapha Thiombiano ya buɗe Horizon FM a 1990, ga kuma wayar hannu. Amma mai wannan magana bai duba halin Hausawan birnin ba. Tsohon zangonsu, Zangouettin, da ke tsakiyar gari, an rushe shi a 2003 domin aikin ZACA, jama'arsa suka watsu zuwa wasu unguwanni. Ga mutumin da Hausa ce harshensa a garin da Mosanci da Faransanci suka fi rinjaye, labarai masu zurfi daga nesa suke zuwa, kamar yadda sashen Hausa na BBC yake aikowa tun 1957. Kuma an ga yadda FM take da saurin rufuwa: an dakatar da RFI a Disambar 2022, an dakatar da BBC da Muryar Amurka na mako biyu a Afrilun 2024. Intanet tana cin kuɗi, tana kuma yankewa. Idan waɗannan ƙofofi suka rufe, gajeren zango ne ya rage, shi ne kuma hayaniyar ta fi yi wa illa.

Ba sabuwar matsala ba ce, maganinta ma sananne ne. Tun 1934 aka kafa kwamitin duniya mai suna CISPR domin tsara iyakar hayaniyar da na'ura za ta iya fitarwa. Ƙa'idarsa mai lamba 15 ta shafi fitilu, mai lamba 32 ta shafi kwamfuta da danginta. Ana auna abin da ke bin waya daga kilohaz 150 zuwa megahaz 30, a auna abin da ke bin iska daga nan zuwa sama. Manufar fuska biyu gare ta: kada na'ura ta dami maƙwabciyarta, kada kuma ita ta rikice da an ɗan dame ta. Turai ta mayar da wannan doka a 1989, ta sabunta ta a 2014, alamar CE kuma tana nufin mai ƙera kayan ya ɗauki alhakin cika sharuɗɗan. A nan gizo ke saƙar. Galibi kamfanin ne da kansa yake shelar cewa ya cika su, kuma buga haruffa biyu a jikin roba bai fi ƙarfin kowa ba. Alamar tana da daraja ne kawai inda akwai hukumar da ke tsintar kaya a kasuwa ta gwada.

Masu gyaran rediyo sun san sauran labarin. Idan aka fasa caja mai araha, sau da yawa za a tarar da gurbin matatar hayaniya a zane a kan allon, amma babu kafasita, an kuma ɗinke gurbin naɗin wayar da guntun ƙarfe. An tsara kayan da kyau, aka cire abin da mai saye ba zai lura da rashinsa ba. Ɗan kuɗin da aka rage ya shiga aljihun mai ƙerawa, asarar kuma ta faɗa kan maƙwabcin da bai sayi komai ba. Saboda haka kasuwa ba za ta gyara wannan da kanta ba, kuma zargin ɗan tireda a Rood Woko ba shi da amfani, don shi ma ba shi da abin aunawa.

Nauyin na hukuma ne. Sashe na 15 na dokokin rediyo na ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ya ɗora wa kowace ƙasa ɗaukar matakin hana kayan lantarki yi wa rediyo katsalandan. Burkina Faso tana da ARCEP mai kula da mitoci da amincewa da na'urorin sadarwa, tana da ABNORM mai kula da ingancin kaya. Sai dai ƙwan fitila ba a ƙera shi don watsa saƙo ba, don haka yana da sauƙin sulalewa tsakanin ofisoshin biyu. Ƙasar ba ta da teku, kayanta ta Lome da Tema da Abidjan da Kwatano suke shigowa, kuma hanyoyin ƙidayayyu ne. Neman takardar gwaji daga manyan masu shigo da caja da fitilu da inbata, tare da gwada samfur lokaci-lokaci, ya fi bin gida-gida sauƙi nesa ba kusa ba. Idan ɗakin gwajin ya yi wa ƙasa ɗaya tsada, Nijar da Mali ma irin kayan suke saye. Akwai kuma dalilin da ya wuce sauraron labarai: jiragen sama suna magana ne tsakanin megahaz 118 da 137, dab da saman zangon FM, filin jirgin Wagadugu kuwa a cikin gari yake.

Kafin hukuma ta motsa, rediyon kansa ma'auni ne. A murɗa shi zuwa gurbin da babu tasha a gajeren zango, a kunna cajar ko fitilar da ake son saye, a matso da shi kamu ɗaya. Mai kyau za ta ɗan yi shuu ta lafa da an ja baya, marar matata kuwa za a ji ta har bakin ƙofar shago. A gida, murɗe wayoyin sola biyu su zama tufka ɗaya, da rage tsawonsu, da maƙala musu zoben ferit irin wanda ake gani a wayar cajar kwamfuta, sukan rage ƙugin sosai.