Matron, Kin San Yadda Muryarki Take Idan Dare Ya Raba?

Wannan makon layi ya zo kanmu, kuma za mu taɓo wani abu da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya.

A damunar bara mun kwana uku muna jinyar wata innarmu a wani asibiti da ba sai mun kama suna ba. A dare na biyu, wajen ƙarfe ɗaya, wata ƙaramar nas ta auna jinin mai tsohon cikin da ke gadon kusa da namu. Ta sake aunawa, sai muka ga fuskarta ta canja. Ta nufi ɗakin da shugabar dutin take, ta tsaya a bakin ƙofa, ta juyo. Ta koma, ta sake juyowa. Sai a karo na uku ta shiga. Allah ya taimaka aka yi wa matar abin da ya kamata, ta sauka lafiya. Da safe innarmu, da yake ba ta iya ganin abu ta yi shiru, ta ce mata: "'Yar nan, me ya hana ki shiga tun farko?" Ta ce: "Mama, shekaranjiya na tashe ta a kan wani abu, a gaban masu jinya ta wanke ni tas."

Shugabar nan ba muguwa ba ce. Da idonmu muka ga ta ciro kuɗi daga jakarta ta saya wa wani yaro ruwan da za a ƙara masa. Kuma da za a tambaye ta, rantsuwa za ta yi cewa ƙofarta a buɗe take ga kowa. Ta san aikinta ciki da bai. Abin da ba ta sani ba shi ne yadda ake jinta, da kuma cewa faɗan da ta yi ta manta ya zama mintuna goma da aka ɓata a kan mai hawan jini.

Maganar ta shafe mu a nan kudancin Jigawa fiye da yadda muke zato. A Birnin Kudu asibitin tarayya yake, wanda kowa ke kira FMC, a nan kuma kwalejin koyon aikin jinya ta jiha take. Daga Gwaram, Basirka, Fagam da Sara, idan ciwo ya fi ƙarfin asibitin kusa, nan ake nufowa, sau da yawa cikin dare. 'Yan matan da muke gani yau da fararen kaya suna zuwa aji, su ne in-chaji na gobe. Za su iya allura, za su iya karɓar haihuwa. Tambayarmu ita ce: a ina mutum ke koyon sanin halinsa kafin a ɗora shi a kan wasu?

Wani zai ce ai hali zanen dutse ne. Mu mutanen Birnin Kudu ba za a ba mu labarin zanen dutse ba, ga Dutsen Mesa da Dutsen Habude nan, shanun da aka zana tun zamanin da suna nan daram. Mun yarda, mai zafin rai ba za ta wayi gari ta zama sanyin randa ba, kuma ba mu ce ta zama ba. Cewa muka yi ta san tana da shi. Wadda ta san yunwa da rashin barci suna kaifafa harshenta za ta iya gaya wa yaranta tun farkon duti: "Ko na ɓata fuska, ku tashe ni. In na yi faɗa, ku faɗi abin da ya kawo ku tukuna." Halin yana nan, amma ya daina tare hanya.

A shekarar 1955 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Joseph Luft da Harrington Ingham, sun kasa sanin kai gida huɗu. Gidan da ya dame mu shi ne na abin da kowa ya sani game da kai amma kai ba ka sani ba. A wajenmu wannan gidan ya fi faɗi, saboda kunya da kawaici. Yarinyar da aka tarbiyyantar a kan kada ta haɗa ido da babba, yaya za a yi ta ce wa sa'ar mahaifiyarta, "Matron, kina tsorata mu"? Za ta faɗa a ɗakin canja kaya, za ta faɗa a gida, masu shara ma sun sani. Mai halin ce kaɗai labari bai kai wa ba. Don haka in ba ita ta nemi ji da kanta ba, har ta yi ritaya ba za ta ji ba.

Kada a ɗauka masu faɗa kaɗai muke nufi. Akwai shugabar da ba ta son ɓacin ran kowa: ana makara ta yi shiru, rosta kullum tana faɗawa kan mutum biyun da ba sa musu, ita kuma tana kiran wannan haƙuri.

A Ingila, a shekarar 2005, wata mata mai suna Elaine Bromiley ta shiga ƙaramin aikin hanci. Bayan an sa mata maganin barci aka kasa sa mata bututun numfashi. Nas-nas sun gane abin da ake ciki, ɗaya har ta kawo kayan huda maƙogwaro, amma manyan likitocin ba su saurara ba, su kuma ba su iya matsawa ba. Matar ta rasu bayan kwana 13. Mijinta, matuƙin jirgin sama, ya shiga fafutukar ganin asibitoci sun koyi abin da matuƙa suka daɗe da koya: na ƙasa ya iya magana, na sama ya iya ji. Can ke nan, inda kayan aiki ba su yanke ba.

Mun san abin da 'yan uwa ma'aikatan jinya na wannan zaure za su ce, kuma suna da gaskiya: hannu ya yi kaɗan, mutum ɗaya na riƙe da ɗaki guda har asuba, ƙwararru suna ta ficewa ƙasashen waje. Wa zai yi fara'a a haka? Amma wannan ma hujjarmu ce. Inda nas biyu ne kawai a duti, in ɗaya na tsoron ɗaya, saura nawa? Ɗaukar ma'aikata aikin gwamnati ne, kuma za mu ci gaba da yi mata magana. Wannan kuwa ba ya jiran kasafin kuɗi.

Ƙarin girma a aikin gwamnati yana bin shekaru, takardu da jarrabawa, ba a tambayar waɗanda suka yi dutin dare da mutum. Muna roƙon shugabannin sashen jinya a asibitocinmu su gwada abu ɗaya: duk wata uku a raba wa ƙananan ma'aikata takarda, ba suna, su rubuta abin da ke sa su jinkirin kiran in-chaji. A ba ta ta karanta ita kaɗai, ba don a hukunta ta ba. Kwalejinmu ma za ta iya fara wannan tun a aji, tsakanin ɗalibai da shugabannin rukuninsu.

Nas ɗin nan mun sake haɗuwa da ita a tasha bayan sallah. Mun tambaye ta ko ta taɓa gaya wa shugabarta abin da ya faru a daren. Dariya ta yi, ta ce: "Ni? Ai har yanzu ba ta san na tsaya a ƙofar ba."